Ƙofar da Rakiya Take Kullewa

Ranar da aka kori Malam Sidi da matarsa Rakiya daga gasar karta ta bridge a intanet, wadda ake yi biyu-biyu ba tare da ganin katin juna ba, bisa zargin maguɗi, ta ajiye wasan. Ba ta sake taɓa shi ba har ta rasu.

Yau yana zaune a tashar mota ta Hayyin Ashir, sai ya ji wasu samari biyu suna musu a kan korar da aka yi musu shi da Rakiya, ɗaya da jaka, ɗaya da carbi. Ba su san shi ba.

"Mata da miji, gida ɗaya, layin intanet ɗaya?" in ji mai jaka. "Leƙa katin juna kawai suke yi."

"Haba ɗan'uwa, ka gani da idonka?" in ji mai carbi.

"Sai na gani? Kafin ta jefa kati ya san abin da ke hannunta. Sau nawa suna fitar da ni!"

"Au, ashe kai ka kai ƙara."

"Wani dai ya kai."

"Ma'alish, sai haƙuri. Tsofaffi biyu sun lallasa ka, ka ga dole da wata a ƙasa."

"Khalas, magana ta ƙare, an yi adalci. Da tana da gaskiya ai da ta dawo ta kare kanta."

Mota ta tsaya, suka shige. Kafin gwiwoyin Malam Sidi su yarda ya miƙe, motar ta tashi.

So ya yi ya gaya musu cewa a kicin Rakiya take wasanta, ta kulle ƙofa da kanta. Wanda ya shekara talatin da Rakiya ba ya bukatar leƙa hannunta.