Bencin Ɗan Majalisa

A ɗakin jira na asibiti, wani dattijo ya juyo wajen matar da ke gefensa.

"Ɗan majalisar nan da ya rasu, me ya tsinana mana a shekara takwas? Sai benci!"

"A kansa kake zaune, Baba," in ji ta.

"Haba, 'yar nan! Wasu tituna suke yi."

"Kafinta ne kafin a zaɓe shi. A layin nan mahaifinsa ya cika a tsaye, yana jingine da ɗan nasa, don babu wurin zama."

"Ke wa ya gaya miki?"

"Ni na riƙe ɗaya hannun tsohon. Ɗan majalisar mijina ne."

Kunya ta kama dattijon, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Baba," ta ce. "Ai don a zauna ya yi shi."