Ɗakin Luba a Camberwell

Hamdatu: Salamu alaikum. Luba? Mai jego?

Luba: Wa alaikumus salam. Lah, Anti Hamdatu! Ina wuni?

Hamdatu: Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki? Ya ruwan zafi?

Luba: Muna shan shi. Gwaggo Saudatu ba ta wasa, safe da yamma, ga kunun kanwa kamar ya fito min ta hanci.

Hamdatu: Haka ake so. Ya Zarah, tana kama nono? Ya zaman Abbey Wood?

Luba: Alhamdu lillahi. Ya mutanen hostel? Ɗakina dai yana nan ko?

Hamdatu: To... kina ji na? Ina cikin bus ne, Old Kent Road.

Luba: Ina ji. Anti, lafiya? Muryarki wani iri.

Hamdatu: Wani mutumin council, hukumar da ta ba mu ɗakunan nan, ya zo ɗazu. Ya buga ƙofarki, shiru, sai ya bugo tawa. Wai zuwansa na uku ke nan.

Luba: Innalillahi! Me kika ce masa?

Hamdatu: Gaskiya mana. Na ce kin tafi wankan jego gidan gwaggonki, sai kin yi arba'in. Ya ce gwaggon tana da wuri? Ni kuma sai in ce ba ki da kowa? Na ce ta riƙe ki hannu bibbiyu.

Luba: Wayyo Anti, kin kashe ni!

Hamdatu: Wallahi yabo na ɗauka nake yi. Sai ya ce wanda ba ya kwana a ɗakin, kuma yana da wurin zama, a wajensu ba homeless ba ne, ai yana da matsuguni. Za su tsayar da housing benefit, kuɗin hayar da suke biya miki, su ba wa wata ɗakin.

Luba: Wane wurin zama? A falo nake kwana, kan katifa! Ɗan Gwaggo na dawowa daga jami'a babu inda zan sa haƙarƙarina. Mijina Almu yana Zariya, biza ta ƙi fitowa. Ina za ni da jaririya cikin sanyin nan?

Hamdatu: Kin dai ga yadda suka yi wa Tina maƙwabciyarmu. Kayanta a baƙar leda, a bakin bene.

Luba: Daina, Anti!

Hamdatu: Ki goyo ta ki taho yau. Ki kwana a ɗakinki.

Luba: Gwaggo ko bakin ƙofa ba ta bari in leƙa, wai sanyi zai shige ni. Hello? Anti?

Hamdatu: Ina nan. Saura abu ɗaya. Ya ce zai kira gwaggonki ya yi confirming, ya ji daga bakinta. In ta ce ba za ta iya riƙe ki ba, shi ke nan, kin tsira.

Luba: Gwaggo? Ta buɗe baki ta ce wa baƙo ba za ta riƙe 'yar ƙanenta ba? Gara a yanka ta. Tsaya... ina ya samu lambarta?

Hamdatu: Ni na ba shi, Luba. Ki yi sauri ki gaya mata kafin...

Luba: Shiru! Tana kicin, tana waya da Turanci.

Hamdatu: Me take cewa?

Luba: Dariya take. "She is my daughter. This is her home, she can stay forever."

Hamdatu: Tashi ki ƙwace wayar! Luba! Luba?