Yau Na Fasa Ƙwan Tafiyar Imran

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban taro, mai girma Lawan, Bulamominmu, malamanmu da fastocinmu, shugabannin 'yan Kasuwar Kwastam, iyayenmu mata, da ku matasan da aka shirya wannan zama dominku, assalamu alaikum. Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni dama. An ce in taƙaita, zan kwatanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ajimi Umara, mai kayan injin niƙa. Na shigo garin nan daga Monguno da riga ɗaya, takardar sakandare ma ban koma karɓa ba. Na tura baro, na yi dako, na koyi kwance inji da ido, ba wanda ya riƙe mini hannu. Na gina gida a unguwar Fezzan, na sauke farali, na kai mahaifiyata ita ma. Ba gado, ba kawu a gwamnati. Ambaliya ta shiga shagona, na wanke abin da ta bari da kananzir na sake buɗewa. Ban faɗi wannan don a tafa mini ba. Na faɗa ne don kada wani yaro ya ce tsoro ke sa ni magana.

Magana ta farko, hanyar kanta. Yaranmu sun gano wata sabuwa: jirgi zuwa Brazil, mota bayan mota har Kolombiya, daga nan sai ƙafa cikin wani ƙurmi da ake kira Dariyan, wai a ɓulla Panama a nufi Amurka. Ni ban je ba. Amma Yoila, yaron da ya koyi aiki a hannuna, ya je, an dawo da shi, ga shi can bakin ƙofa. Ya ce ba titi, ba gari, ba layin waya. Taɓo har gwiwa, hawa kamar bango, 'yan fashi suna jira, gawa a gefen hanya kana wucewa ba ka da ƙarfin binne ta.

Yaranmu cewa suke, mu 'yan Barno wane daji ne ba mu gani ba? To, dajinmu shimfiɗaɗɗe ne, kana hango abin da ke zuwa. Yoila ya tafi ne tare da Ekene, ɗan maƙwabcina Oga Nnanna. Ekene haifaffen unguwar Hausari ne a garin nan, Kanurinsa ya fi na 'ya'yana. Wata rana da la'asar suka iso bakin rafi, sama wasai, ga rairayi mai kyau. A wurinmu rairayin rafi wurin hutu ne, nan yara ke ƙwallo. Ɗan jagora ya yi ta nuna musu tudu, ba sa jin yarensa. Ekene ya zauna wanke ƙafarsa da ta kumbura, Yoila ya hau tudu neman itace. Ashe a can ruwa kan duwatsu yake zuba inda ido ba ya kaiwa, sai dai ka ji shi a kanka. Yoila ya ce, "Baba, na juyo, ba rairayin, ba shi."

Magana ta biyu ta fi ci mini rai, ita ce ɓoyo. Mun gaji wata ɗabi'a, wai tafiya ba a faɗinta, in an faɗa bakin mutane zai lalata ta. Ko uwa ba ta ji sai an sauka. Oga Nnanna ya ɗauka ɗansa yana Legas sarin kaya. Ranar da labari ya zo, ya zauna a bencin shagona ya ce, "Alhaji, mu a al'adarmu ba ma cewa mutum ya mutu sai an kai gawarsa gida. Ni me zan sa a mota?" Shekara ashirin muna zolayar juna da mutumin nan, yana ce mini mai tsadar banza, ina ce masa mai kukan ciniki. Ran nan ba zolaya, na zauna kusa da shi a bencin.

Magana ta uku, ku yi haƙuri, ta gidana ce. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari a bainar jama'a, yau na ajiye kunyar. Imran, ina ganinka can baya, ba sai ka sunkuya ba.

Uwarsa ce ta fara lura. Ta ce, "Alhaji, me yaron nan zai yi da takalmin ruwa a tsakiyar rani?" Na tsare shi, bai yi musu ba, fasfo ya riga ya fito. Ya ce, "Baba, kai ma haka ka baro Monguno, ba wanda ya ba ka komai." Gaskiya ya faɗa. Na ce masa, "Daga Monguno zuwa Maiduguri, in na faɗi, wanda zai ɗaga ni ya san kakana. Kai a can wa zai ɗaga ka?" Sai ya roƙe ni abu ɗaya: "Don Allah kada ka gaya wa kowa."

To jama'a, na gaya muku. Ɗana Imran yana shirin bin dajin Dariyan. In bakin mutane na lalata tafiya, ga bakuna ɗari, bismillah. Duk wanda ya gan shi a kasuwa ya tambaye shi, "Imran, ya tafiya?" Masu keke ku tambaye shi, masu shayi ku tambaye shi. Zai yi fushi da ni. Na fi son fushin da zai yi yana cin tuwon gidana.

Ba zan ɗaure shi ba, ba zan ƙona fasfonsa ba, namiji ne mai gemu. Ban kuma ce ƙasar nan da daɗi ba, jiki magayi. Amma wahalar da ka san sunanta daban take da wadda ko yarenta ba ka ji. Iyaye, ku duba ƙarƙashin gadajen 'ya'yanku. Matasa, mai niyya ya je ya zauna da Yoila tukuna, ya nuna masa ƙafafunsa.

Allah ya ba Oga Nnanna da maiɗakinsa haƙuri. Waɗanda ke cikin ƙurmin yanzu, namu da na wasu, Allah ya fitar da su. Allah ya buɗa wa matasanmu a gida, ya dawwamar da zaman lafiya a Barno, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Saura abu ɗaya. Magatakarda, ɗauki bironka. Rubuta Alhaji Ajimi Umara Monguno, cikakke, ban da "wani ɗan kasuwa". Rubuta cewa ya tsaya gaban Lawan ya ce bai yarda ba, bai sa albarka ba. Gobe in labari ya zo, mai daɗi ko akasinsa, kada wani ya ce uban ne ya tura shi. Ka rubuta? Ɗaga in gani.

Na gode.