Faɗuwa da Gangan

A bencin wani gareji a unguwar Ras Al Khor, Ɗalhatu yana jiran a gyara masa esi, na'urar sanyaya mota, sai dattijon da ke gefensa, mai Hausar Kumasi, ya leƙo wayarsa.

"Kai ma ƙungiyar ƙwallon kwandon nan kake bi? Da gaske za su sayar da kyaftin?"

"Haka ake ta raɗe-raɗi, Baba, kuma na goyi baya. Gwiwarsa ta gaji. A ba da shi, a karɓo yara, a sha kashi bana da gangan. Ƙungiyar da ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa."

"Da gangan? Ka shiga fili kana neman a doke ka?"

"Dabara ce. Haka ake sake gini."

"Sake gini! Abin da manajanmu ya ce ke nan da zai sallame ni. Tun ina da baƙin gashi nake tuƙa musu babbar mota, ban taɓa ƙwarzanarta ba."

Ɗalhatu ya kife wayar. Makon jiya shi ma da wannan kalmar ya sallami mutum biyu a ofis.

"Yanzu ina za ka nufa, Baba?"

"Unguwar Al Qusais. Wani kamfani na gwajin direbobi yau. Masu neman aikin duk sa'o'in 'ya'yana ne, amma khalas, shi ke nan, zan shiga layi." Ya miƙe ya karɓi makullinsa. "Kyaftin ɗin nan kuwa, duk inda suka kai shi, ranar da ya dawo filinsu sai sun raina kansu. Ka riƙe maganata."