Fararen Ɗigo a Hoton Baba

Ni dai ina bencin ɗakin hoton ƙwaƙwalwa, na baza kunne, sai wata matashiya ta miƙe za ta tafi. Wani dattijo mai sanda ya tsayar da ita.

"'Yata, an kusa zuwa kanki."

"Na fasa, Baba. Ƙafa ce ke mutuwa, ido ya yi dishi-dishi, kwana biyu su sake ni. A gida ma cewa ake raki ne."

"Haka marigayiya matata ta ce min, wai son jiki. Mai ɗaukar hoto ne ni a da. Labule mai furanni, amare sun sha kwalliya, ina ta 'kar a motsa'. In ƙurji ya fito a fuska, in bi da ɗan buroshi in shafe."

"Yanzu kai ake ce wa kar ka motsa."

"A bututun hoton nan mai ƙara kamar injin niƙa. Da hotona ya fito, likita ya nuna mana fararen ɗigo a ƙwaƙwalwa da lakar baya, ya ce kumburi ne ke cin jijiya. Matar tawa ta daɗe tana kallo. Daga ranar ita ke sa min takalmi har ta rasu."

"In nawa ya fito da ɗigon fa?"

"Sai a fara magani da wuri. Ni na makara."

Sai ta cire 'yan kunnenta ta zuba masa a hannu.

"An ce ba a shiga da ƙarfe. Riƙe min, Baba, kar ka tafi."