Takardar Uwargida

"Riɗi? Ke ma, 'yata?" Tsohon manomin ya leƙa jakar matar da ke gefensa a rumfar mai iri.

"Shi ke kuɗi bana, Baba."

"Haka aka ce da albasa bara. Kowa ya shuka, ta sa mu hawaye tun ba mu yanka ta ba. Ni gero zan saya, na daina bin yayi."

"To takardar hannunka fa? Riɗi na gani."

Ya yi wuf ya cusa ta aljihu. "Rubutun uwargida ne."

"Bara me ta rubuta?"

"Wake."

"Ka kai mata me?"

"Albasa."

Dariyarta ta sa ya gyara murya. "Mai iri, auno riɗin nan! Bana ba zan yi kuka ni kaɗai ba."