Manyan Tayoyi a Hanyar Riruwai

A tashar Tudun Wada, wani dattijo ya tsaya wajen direban da ke ɗaura wa lorinsa sabbin tayoyi.

"Sannu da aiki, direba. Waɗannan ai sun fi na da girma."

"Yawwa, Baba. Da ƙananan, ruwa na sauka sai rafi ya tare mu. Da manyan kuwa, ko da damina sai Riruwai."

"Har da marka?"

"Har da marka."

Dattijo ya girgiza kai.

"Da ka bar ƙananan, ɗana."

"Don me, Baba?"

"Yarona Zailani haƙar kuza yake yi can. In ya zo shuka, rafin nan ke riƙe min shi har kaka. Ni ko na roƙe shi, ba ya zama."